Zanen aro: baitulmalin Kabul da makomar masu mulkin Afganistan

Mafi yawanmu a bakin rediyo muka san Afganistan. Dattawanmu sun fara jin sunan Kabul da Kandahar a sassan Hausa na gidajen rediyon ƙetare tun lokacin da sojan Tarayyar Sobiyet suka shiga ƙasar a 1979, na bayansu suka ji a 2001, ƙannensu kuma a 2021. Kullum labarin iri ɗaya ne: yaƙi, duwatsu, mutane masu rawani da bindiga a kafaɗa. Har an yi wa ƙasar kirari da makabartar dauloli, wai duk babbar daular da ta sa ƙafa cikinta sai ta fita da kunya. Kirarin yana da daɗin faɗi, amma malamin da zai tsaya gaban ɗalibai ya kamata ya lura da abin da ya ɓoye. Yana ba da labarin baƙi ne, Ingila da Rasha da Amurka, ya bar masu gida. Bai gaya mana dalilin da ya sa, daga 1901 har zuwa 2001, kusan duk wanda ya hau karagar Kabul ko dai an kashe shi ko an kore shi ba.

Dalilan suna da yawa, akwai na ƙabila, akwai na addini, akwai na maƙwabta. Amma akwai tambaya guda da nake ganin tana buɗe ƙofofi fiye da sauran, ita ce tambayar da kowane mai gida ya sani: daga ina kuɗin cefane yake fitowa?

A shekarar 1747 shugabannin ƙabilun Fashtun suka taru kusa da Kandahar, a irin taron dattawan da suke kira jirga, suka naɗa Ahmad Shah Durrani sarki. Waɗanda suka naɗa shi ba su ɗauki kansu talakawansa ba, abokan tafiyarsa ne, kuma ba a tatsar abokin tafiya. Saboda haka dukiyar sarautar daga waje ta riƙa zuwa, daga hare-haren da yake kai wa Indiya da harajin ƙasashe masu albarka irin su Fanjab da Kashmir. Da magadansa suka rasa waɗannan wurare, Kashmir a 1819, Feshawar a 1834, sai aka bar su da ƙasa mai duwatsu, marar bakin teku, wadda ɗan yanki kaɗan nata ne ake iya nomawa, da mutanen da ba su saba biyan sarki ba.

Turawan Ingila ne suka fara koyon darasin da jininsu. A 1839 suka shigo daga Indiya suka ɗora Shah Shuja a kan sarauta, suna biyan shugabannin ƙabilar Gilzai kuɗi domin su bar hanyoyin cikin duwatsu a buɗe. A 1841 aka ga kashe-kashen kuɗin sun yi yawa, aka rage musu. Nan da nan aka toshe hanyoyin, Kabul ta yi bore, kuma a watan Janairu na 1842 rundunar da ta fita daga birnin, soja kimanin 4,500 da mabiya kimanin 12,000, ta hallaka cikin dusar ƙanƙara. Bayan watanni kaɗan aka kashe Shah Shuja. Wanda ya riƙe wannan labari zai sake ganinsa sau biyu, a 1992 da 2021, da wasu sunaye.

Wanda ya gina gwamnatin Afganistan ta zamani shi ne Amir Abdurrahman, wanda ya yi mulki daga 1880 zuwa 1901. Bayan yaƙi na biyu da Ingila, Turawan suka gane cewa biyan sarki ya fi sauƙi bisa zaunar da soja. Suka riƙe hulɗar ƙasar da ƙasashen waje a hannunsu, suka yanka masa rupi miliyon 1 da dubu 200 kowace shekara daga 1883, aka ƙara zuwa miliyon 1 da dubu 800 a 1893, shekarar da ya amince da layin Durand, iyakar da ta raba Fashtun gida biyu. Da wannan kuɗi da bindigogin da ke biye da shi ya kafa sojan albashi, ya murƙushe ƙabilu ɗaya bayan ɗaya. Mutanen Hazara, waɗanda ƴan Shi'a ne, sun sha mafi munin azaba tsakanin 1891 da 1893: an kashe da yawa, an bautar da wasu, an raba gonakinsu ga waɗansu. A 1895 da 1896 ya ci yankin Kafiristan, wanda aka sauya wa suna zuwa Nuristan. Abdurrahman ya karɓi haraji, kuma da tsanani, amma ya karɓe shi ne da bakin bindigar da baƙo ya saya masa, don haka bai taɓa buƙatar neman yardar mai biya ba. Ya bar wa magadansa gwamnatin da komi nata sai an koma Kabul, wadda ke naɗa gwamna da alƙali daga sama. Wannan siffa ta rayu har bayan kowane irin juyin da aka yi.

Jikansa Amanullah shi ne ya gwada wata hanya, kuma labarinsa ya cancanci a daɗe a kansa. Ya hau mulki a watan Fabrairu na 1919 bayan an kashe mahaifinsa Habibullah. Cikin watanni uku ya ja daga da Ingila, wadda yaƙin duniya ya gajiyar, kuma yarjejeniyar Rawalfindi ta watan Agusta ta ba Afganistan cikakken ƴanci. Amma ƴancin ya zo da farashinsa: daga ranar aka daina biyan kuɗin shekara. Ga sarki matashi mai manyan buri, surukin Mahmud Tarzi mai jaridar Sirajul Akhbar, yana kallon abin da Mustafa Kamal yake yi a Turkiyya, ga kuma baitulmali da babu mai cika shi sai manomi da makiyayi. Ya kafa kundin tsarin mulki na farko a 1923, ya haramta bauta, ya buɗe makarantun zamani, har da na ƴan mata ƙarƙashin kulawar matarsa Sarauniya Surayya, ya tura ɗalibai karatu Turai. Domin biyan duk wannan ya mai da haraji na tsabar kuɗi maimakon hatsi, ya ƙara shi a kan gona da dabba, ya yanke alawus ɗin da ake ba shugabannin ƙabilu da malamai. A zamaninsa fiye da rabin kuɗin shigar gwamnati daga harajin gona da dabbobi yake fitowa, abin da ba a sake gani ba bayansa.

An fi tunawa da kurakuransa na fili. Bayan rangadin da ya yi a Masar da Turai da Turkiyya da Iran daga ƙarshen 1927 zuwa tsakiyar 1928, ya kira babban taron ƙasa, loya jirga, a Fagman, ya sa dattawan da suka zo daga ƙauyuka suka sa kwat da hular Turawa. Hotunan sarauniya ba lulluɓi sun zagaya karkara hannu da hannu. Waɗannan sun ba masu bore tuta. Amma itacen da ya ci wutar tun da farko ya bushe: tun 1924 yankin Khost ya yi tawaye, manomi yana biyan abin da bai ga amfaninsa ba, ma'aikata suna cin rashawa, soja kuwa an rage musu yawa da albashi. Da Shinwari suka tashi a gabas a watan Nuwamba na 1928, sai wani Batajike daga arewacin Kabul, Habibullah Kalakani, wanda maƙiyansa suke kira ɗan mai sayar da ruwa, ya shiga birnin a Janairun 1929. Amanullah ya ƙare rayuwarsa a gudun hijira, ya rasu a 1960. A ganina shi ne abin tausayi mafi girma a wannan tarihi, domin shi kaɗai ya yi ƙoƙarin ciyar da gwamnati daga gumin ƙasarta. Abin da ya rasa shi ne haƙurin zama da masu biyan, a yi ciniki kan abin da za a yi da kuɗinsu.

Nadir Khan, wanda ya ƙwace Kabul bayan wata tara, ba shi da ko abin biyan mayaƙan ƙabilun da suka kawo shi, sai ya bar su suka wawashe birnin. Shi da ƴan'uwansa sun ɗauki darasi guda daga faɗuwar Amanullah: kada a taɓa karkara. An kashe Nadir a 1933, ɗansa Zahir Shah ya hau yana da shekara 19, baffanninsa suna riƙe da ragama. Harajin gona aka bar shi yadda yake har hauhawar farashi ta cinye shi. Gwamnati ta koma rayuwa da kuɗin duwan da cinikin auduga da fatun ƴan raguna da ake kira karakul. Zaman lafiya ya samu, na shekara arba'in, amma irin zaman da ake yi tsakanin maƙwabtan da ba su shiga harkar juna.

Yaƙin cacar baka tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet ne ya buɗe sabuwar rijiya. Muhammad Dawud, ɗan baffan sarki, ya zama firaminista a 1953. Rigimarsa da Pakistan kan yankunan Fashtun ta sa Amurka ta ƙi sayar masa da makamai, kuma ƙasar da kayanta ke bi ta tashar Karaci ba ta da ƙarfin yin faɗa da mai tashar. Sai ya juya arewa. A watan Disamba na 1955 Kurushef da Bulganin suka zo Kabul da bashin dala miliyon 100, makamai suka biyo baya a 1956. Amurka ta ga ba za a bar ta a baya ba. Rashawa suka fasa dutse suka yi hanyar Salang, wadda aka buɗe a 1964 ta haɗa Kabul da arewa. Amurkawa suka yi titin Kabul zuwa Kandahar da filin jirgin saman Kandahar da madatsun ruwan kwarin Helmand. Daga 1967 aka fara sayar wa Tarayyar Sobiyet iskar gas. Masanin nan Barnett Rubin ya nuna cewa a waɗannan shekaru kimanin kashi 40 cikin 100 na abin da gwamnati ke kashewa daga waje yake zuwa, yayin da harajin gona da dabbobi ya koma abin da bai taka kara ya karya ba.

Nan ne wurin da ya kamata malaman makaranta su saurara da kyau. Da kuɗin waje aka gina makarantun kwana da jami'ar Kabul da makarantun soja, aka kwaso ƴaƴan karkara aka ilimantar da su. Amma ba wanda zai ɗauke su aiki sai gwamnati, gwamnatin kuma manyan muƙamanta na gidan sarauta ne da na kusa da su. Yaron da ya bar ƙauye ba ya iya komawa, a birni kuma ba a ba shi wuri ba. Kundin tsarin mulki na 1964 ya yi alkawari mai kyau: majalisa zaɓaɓɓiya, ƴancin jarida, hana dangin sarki riƙe muƙamin minista, mata huɗu sun ci zaɓen majalisar wakilai a 1965. Sai dai sarki bai taɓa sa hannu a dokar kafa jam'iyyu ba, majalisar kuma ta manyan masu gonaki ce, waɗanda suka ƙi duk wata maganar ƙarin haraji. Siyasa ta koma ɗakunan kwanan ɗalibai da barikin soja. A nan aka haifi jam'iyyar ƴan gurguzu ranar 1 ga Janairun 1965, wadda ta rabe gida biyu, Khalk da Farcam, bayan shekara biyu. A nan kuma aka haifi ƙungiyar masu kishin Musulunci, da Burhanuddin Rabbani malamin jami'a, da ɗalibai irin su Gulbuddin Hikmatyar da Ahmad Shah Mas'ud. Kusan duk waɗanda suka ƙone ƙasar daga baya a benci ɗaya suka zauna.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. Fari da yunwa na 1971 da 1972 sun zubar da mutuncin sarauta. Ranar 17 ga Yulin 1973, sarki yana Italiya neman magani, Dawud ya yi juyin mulki ya kafa jamhuriya da taimakon hafsoshin da aka horar a Tarayyar Sobiyet. A watan Afrilu na 1978 irin waɗannan hafsoshi suka kashe shi da iyalinsa. Nur Muhammad Taraki da Hafizullah Amin suka ce za su sauya karkara da doka: a yafe basussukan manoma, a ƙayyade sadaki, a raba gonaki. An raba gonakin ba tare da iri ko ruwa ko shanun noma ba, wanda ya yi magana kuma aka kai shi kurkukun Fuli Carkhi, inda dubbai suka ɓace. Hirat ta yi bore a watan Maris na 1979. Amin ya sa aka kashe Taraki, Rashawa suka kashe Amin ranar 27 ga Disamba suka ɗora Babrak Karmal. Yaƙin da ya biyo baya ya ci rayuka kimanin miliyon guda, ya kori sama da miliyon 5 zuwa Pakistan da Iran. Abin lura shi ne, wannan karon har masu adawa da kuɗin waje suke rayuwa. Jam'iyyu bakwai na mujahidai a Feshawar suna karɓar dalar Amurka da riyal ɗin Saudiyya ta hannun hukumar leƙen asirin sojan Pakistan, ita ke zaɓen wanda za a ba da yawa. Kwamandan da ke da hanyar samun makamai ya fi dattijon gari ƙarfi, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ga hujjar da nake ganin ta fi kowace ƙarfi. Sojan Sobiyet na ƙarshe ya ƙetare gadar kogin Amu ranar 15 ga Fabrairun 1989, duniya tana jiran gwamnatin Najibullah ta faɗi cikin makonni. Ba ta faɗi ba. Mujahidai sun yi wa Jalalabad ƙawanya suka kasa cin ta. Najibullah ya zauna shekara uku cur, domin jiragen Mosko sun ci gaba da sauke alkama da man fetur da makamai, shi kuma yana biyan mayaƙan sa-kai na yankuna, mafi girmansu rundunar Uzbek ta Abdurrashid Dostum. A watan Disamba na 1991 Tarayyar Sobiyet ta rushe, daga Janairun 1992 taimako ya tsaya. Dostum ya sauya sheƙa, kuma a tsakiyar Afrilu Najibullah yana ɓoye a ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya. Ya jure tafiyar soja shekara uku, bai jure tafiyar kuɗi wata huɗu ba.

Waɗanda suka gaje shi sun tarar da baitulmali wayam, masu ba su kuma sun juya baya. Kowane kwamanda ya sa igiya a hanya yana karɓar kuɗin wucewa, Kabul ta zama kango a faɗan da aka yi tsakanin 1992 da 1996. Cikin wannan hali Taliban, ɗaliban makarantun addini da yawansu suka tashi a sansanonin gudun hijira, suka ɓullo a Kandahar a 1994 da goyon bayan Pakistan da na ƴan kasuwar manyan motoci da igiyoyin suka ishe su. Sun shiga Kabul a watan Satumba na 1996, suka fito da Najibullah suka kashe shi. Ƙasashe uku kaɗai suka amince da gwamnatinsu, kuma baƙon da suka sauke, Usama bin Ladan, shi ya jawo musu harin Amurka a watan Oktoba na 2001.

Jamhuriyar da aka ƙulla a taron Bon na ƙasar Jamus a Disamban 2001 ta yi abubuwan da ba za a raina ba. Miliyoyin yara, maza da mata, sun shiga makaranta, mutuwar mata wajen haihuwa ta ragu, jaridu da gidajen talabijin sun yawaita, kuma a 2014 Hamid Karzai ya miƙa mulki ga Ashraf Gani ba tare da an zubar da jini ba, ko da yake sai da Amurka ta sasanta rigimar zaɓen. Amma kundin tsarin mulki na 2004 ya maido da tsohon gini na Abdurrahman: shugaban ƙasa ke naɗa gwamnonin larduna 34, ba a zaɓen ko ɗaya daga cikinsu. Zanen aron kuwa bai taɓa kai wannan faɗi ba. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kimanin kashi 75 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a ayyukan gwamnati kyauta ce daga waje. Amurka kaɗai ta zuba sama da dala miliyar 80 a kan soja da ƴan sanda. Minista ya fi jin tsoron jakada bisa ɗan majalisa, kwamanda yana cin albashin sojan da babu su sai a takarda, talaka kuma yana kallo. A zaɓen shugaban ƙasa na 2019 ƙuri'un da aka ƙirga ba su kai miliyon 2 ba, a ƙasar da ta haura mutum miliyon 30.

Ranar 29 ga Fabrairun 2020 Amurka ta sa hannu kan yarjejeniya da Taliban a Doha, gwamnatin Kabul ba ta wurin. Da ƴan kwangilar ƙetare masu gyaran jiragen yaƙi suka tafi, sansanonin soja na nesa suka daina samun abinci da harsashi, dattawan garuruwa suka riƙa shiga tsakani ana miƙa wuya ba faɗa. Babban birnin lardi na farko, Zaranj, ya faɗi ranar 6 ga Agustan 2021; ranar 15 ga watan Gani ya bar ƙasar. Kwana tara ke nan.

Zai yi sauƙi a ce, to, gwamnatin da ke ci daga harajin mutanenta dole ta saurare su. Abin da ya faru bayan 2021 ya hana mu wannan sauƙin. Amurka ta riƙe kimanin dala miliyar 7 na ajiyar babban bankin ƙasar, taimakon da ke biyan albashi ya tsaya, amma Taliban ba su faɗi ba. Shekaru ashirin na yaƙi sun koya musu karɓar ushira a karkara da kuɗin hanya daga direbobi. Da suka hau sai suka tsananta karɓar kuɗin duwan a kan iyakoki, da na ma'adinai da na ƴan kasuwa, suka yi kasafi da kuɗin gida, har suka fara haƙa babbar hanyar ruwa ta Kosh Tefa a arewa a 2022. Gaskiya ne cewa ciyar da mayunwata da riƙe asibitoci sun rataya a wuyan hukumomin agaji, kuma yanke taimakon Amurka a 2025 ya sa an rufe ɗaruruwan wuraren shan magani. Duk da haka, rabon da wata gwamnati a Kabul ta dogara da kuɗin cikin gida haka tun zamanin Amanullah. Sai dai mai biyan bai samu bakin magana ba. An jingine kundin 2004, an rushe hukumar zaɓe, babu majalisa, umurni yana fitowa ne daga Kandahar, wurin Hibatullah Akhundzada. A watan Maris na 2022 ƴan matan sakandare suka je makaranta ranar da aka ce za a buɗe, aka mai da su gida bayan ƴan sa'o'i. A Disamban shekarar aka rufe wa mata jami'o'i, a Disamban 2024 aka ƙara da makarantun ungozoma da na jinya. Rasha, magajiyar Tarayyar Sobiyet, ita ce ƙasa ta farko da ta amince da wannan gwamnati a hukumance, a watan Yulin 2025.